Hutun kwana 12 a Japan da Hajiya da uwargida: ku duba mini wannan tsarin

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san Japan. Na daɗe ina burin ganin ƙasar nan, bana dai Allah Ya hore, ina so in tafi da uwargida da kuma Hajiya mahaifiyata, wadda ta haura shekara 65 amma da sauran ƙarfinta. Ba kasuwanci zai kai mu ba, buɗe ido ne zalla. Hutun da na samu a wurin aiki kwana 12 ne, har da ranar tafiya da ta dawowa. Ga yadda na tsara: mu sauka Tokiyo mu yi kwana 3, mu je dutsen Fuji mu kwana, mu wuce Kiyoto kwana 2, Osaka kwana 1, Hiroshima kwana 1, daga nan mu haura Sapporo su Hajiya su ga dusar ƙanƙara, mu dawo Tokiyo mu hau jirgi. Ina so ya zama farkon Afrilu, lokacin furen nan na sakura da ake ta yaɗa hotunansa. An ce lallai in sayi JR Pass, tikitin nan na baƙi da ake hawa jiragen ƙasa da shi na wasu kwanaki ba tare da ƙara biya ba. Me kuka gani? Sannan yaya batun abinci da salla?

Gwauron Jos:
Alhaji, wannan hutu ne ko rangadin gwamna? Wuri shida cikin kwana goma, ga tsohuwa a gefe. Allah Ya ba Hajiya haƙuri da ɗanta.

Injiniya Nagoya:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ɗalibi ne a nan, bari in faɗa maka gaskiya tun kafin ka biya kuɗin komai. Kwana 12 ɗin nan ba 12 ba ne. Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Japan, dole ku ya da zango a Doha, ko Adis Ababa, ko Istanbul, ko Dubai, ko Alƙahira. Tafiyar kan cinye kusan yini da kwana, ga kuma agogon Japan yana gaban namu da awa 8. Ranar farko da kuka sauka, tsakar rana barci zai riƙa fizgar ku, tsakar dare kuma ido ƙyar. Idan ka cire wannan duka, abin da ya rage maka na yawo kwana tara ne, in an yi sa'a.

Sapporo ka cire ta gaba ɗaya. Tana tsibirin Hokkaido can arewa, daga Hiroshima a jirgin ƙasa sai kun haura awa goma sha biyu, don jirgin nan mai gudu, shinkansen, bai kai Sapporo ba tukuna, a kusa da Hakodate yake tsayawa. Kuma bikin ƙanƙararsu a farkon Fabrairu ake yi. Zuwa Afrilu abin da za ku tarar a cikin gari ragowar da ta narke ta haɗe da ƙasa ne. Furen sakura da ƙanƙara ba sa zama a tafiya ɗaya sai dai ka hango ta a kan dutse.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne wahalar canjin masauki. Duk ranar da za ku tashi, sai an haɗa kaya, an bar ɗaki wajen ƙarfe 10 ko 11 na safe, an ja akwati zuwa tasha, a can kuma ba za a ba ku sabon ɗaki ba sai ƙarfe 3 na yamma. Rabin yini ya tafi ke nan. Ka yi haka sau shida, ka ga tashoshin jirgi kawai kuka je kallo.

Baban Ilham:
To ƙanena, ai tafiyar ce sau ɗaya a rayuwa. Kuɗin jirgin mutum uku ba wasa ba ne, shi ya sa nake so mu ga iya abin da za mu iya gani.

Ɗan Kwari:
Ni ina bayan Alhaji. Wanda ya zuba miliyoyi a tikiti ba zai je ya kwanta a otal ba. Mu da muke zuwa Guwanzu, a yini ɗaya muna zaga kasuwa uku. Mutum ya ɗaure ɗamara kawai.

Maman Yusra:
Ɗan Kwari, kai kaɗai kake zuwa Guwanzu da jakar goyo, ba ka taɓa jan mahaifiyarka a tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku da ke Tokiyo ba. Tashar nan ita ce ta fi kowace tasha cunkoso a duniya, sama da mutum miliyan uku ke bi ta cikinta kullum, ƙofofin fita sun haura ɗari biyu. Na raka maigida wani taro a can, ni da nake ganin ina da ƙarfi, da daddare sai na jiƙa ƙafa a ruwan zafi. Japan ƙasar tafiyar ƙasa ce. Daga jirgi zuwa jirgi a cikin tasha ɗaya ma kana iya yin minti goma kana tafe. Akwai lif a yawancin tashoshi, amma sai ka nemo shi, sau da yawa yana can ƙarshen dandamali.

Baban Ilham, masauki biyu ya ishe ku. Ɗaya a Tokiyo, ɗaya a Kiyoto ko Osaka. Daga nan duk inda kuke so ku je da safe ku dawo da yamma, ba tare da akwati ba. Daga Kiyoto zuwa Nara minti 45 ne, Osaka kusan rabin awa. Ranar da Hajiya ta ce ta gaji, ta yi zamanta a ɗaki, ku ku fita.

Injiniya Nagoya:
Anti ta gama magana. In ƙara da batun JR Pass, don shawarar da aka ba ka tsohuwa ce. Da can tikitin kwana 7 bai kai yen (kuɗin Japan) 30,000 ba, kowa saye yake ido rufe. A Oktoban 2023 suka mayar da shi yen 50,000. Tokiyo zuwa Kiyoto a shinkansen kusan yen 14,000 ne zuwa kaɗai. Ko da ka je Hiroshima ka dawo har Tokiyo, jimillar tikitin ɗai-ɗai wajen 45,000 take kamawa. Sannan mai JR Pass ba ya hawa Nozomi, shinkansen ɗin da ya fi sauri kuma ya fi yawan tashi, sai ya ƙara kuɗi.

Dabarar da ta fi: ku sauka a Tokiyo, ku tashi daga filin jirgin Kansai da ke Osaka. Qatar Airways da Turkish Airlines da Emirates duk suna zuwa wuraren biyu, sai ka sayi tikiti mai sauka daban, tashi daban. Ethiopian kuwa filin jirgin Narita na Tokiyo kaɗai take zuwa, tana kuma tsayawa a Koriya ta Kudu a hanya. Da haka sau ɗaya za ku biya dogon jirgin ƙasa, kun kuma tsira da yini guda na komawa baya. Zirga-zirgar cikin gari kuma ku yanki katin Suica ko Pasmo, ana zuba masa kuɗi, ana dangwala shi a ƙofar tasha, a bas, har a kanti.

In kana son saurin lissafi, a 'yan kwanakin nan yen ɗaya na wajen naira goma. Duk farashin da ka gani ka ƙara masa sifili.

Ɗan Kwari:
Wato JR Pass na mutum uku naira miliyan ɗaya da rabi ke nan? Na janye. Amma ku tsaya, ba an ce Japan ta ba 'yan Najeriya gari guda ba, har da biza ta musamman? Me zai hana Alhaji ya bi ta nan?

Injiniya Nagoya:
Wannan magana ta jawo mana surutu a nan ba kaɗan ba. A watan Agustan 2025, wajen taron Japan da ƙasashen Afirka, TICAD na 9, a Yokohama, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashen waje, JICA, ta haɗa garuruwa huɗu da ƙasashen Afirka huɗu don musayar al'adu: Kisarazu da Najeriya, Sanjo da Gana, Nagai da Tanzaniya, Imabari da Mozambik. Sai aka fitar da sanarwa daga Abuja cewa za a ba da biza ta musamman. Ma'aikatar harkokin wajen Japan ta ƙaryata, mutanen garuruwan suka tayar da hankali, a watan Satumba JICA ta soke shirin dungurungum. Babu wata biza ta musamman. Duk wanda ya ce zai yi maka ita, aljihunka yake nema.

Lauya Mai Shayi:
Tunda an zo batun biza. Ta ɗan gajeren zama ake nema, wadda ba ta wuce kwana 90, kuma ba a aiki da ita. Ofishin jakadancinsu yana Maitama a Abuja, ka shiga shafinsu ka ga inda ake miƙa takardu a yanzu da abin da suke buƙata, kada ka bi ta bakin ejan. Abin da ya bambanta su da wasu ƙasashe shi ne takardar jadawali: kowace rana sai ka rubuta garin da za ka kasance, abin da za ka yi, da otal ɗin da za ka kwana. To ka ga tsarin nan naka na farko, duk ma'aikacin da ya san ƙasarsa ya ga Hiroshima yau Sapporo gobe da dattijuwa, zai ɗaga gira. Jadawali mai hankali shi kansa hujja ne cewa yawon kallo za ka.

Sai bayanan asusun banki, takardar wurin aiki da ke nuna an ba ka hutu, da shaidar dangantakarka da mutum biyun tunda kai za ka ɗauki nauyinsu. Kuma kada ka yi gaggawar nema: bizar shiga sau ɗaya wata uku take yi daga ranar da aka buga ta.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu na Nijar hwa? Ina biye da ku, ni ma abin ya shiga raina.

Lauya Mai Shayi:
Japan ba ta da ofishin jakadanci a Yamai, na Abijan ne ke kula da Nijar. 'Yan uwanmu na Gana kuwa nasu na nan Akara.

Hajiya Mai Turare:
Ni batun lokaci zan yi magana, don na ga alamar za ku hana bawan Allah ganin fure. Ɗana, ka tafi Afrilu. Azumi yanzu a Fabrairu da Maris yake faɗuwa, kun sha ruwa, kun yi salla, kun huta, sai tafiya. Lokacin nan Kano wuta ake, ka fitar da mahaifiyarka ta sha iska.

Injiniya Nagoya:
Hajiya, da girmanki, amma ni Nuwamba zan zaɓa. Furen nan ba ya jiran kowa. Daga ranar da ya cika zuwa ranar da ya fara zuba kusan mako guda ne, kuma kowace shekara ranar tana matsawa. A Tokiyo yawanci ƙarshen Maris ne zuwa makon farko na Afrilu, amma in sanyi ya ja ko ya ɗauke da wuri, lissafi ya canza, ruwan sama da iska na dare ɗaya kuma suna iya kaɗe shi. Mutum ya biya tikiti wata uku kafin lokaci, caca yake yi. Ga tsadar masauki, ga cunkoso: a 2024 baƙi kusan miliyan 37 suka shigo ƙasar, ba a taɓa samun haka ba kafin shekarar.

Tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshensa ganyen itatuwa ke rikiɗa ja da ruwan ɗorawa, kuma shi ya fi fure daɗewa. Sama tana washewa, an fi ganin Fuji. Aibinsa ɗaya, rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4:30 a Tokiyo, sai ka ga azahar da la'asar da magariba sun taho a jere.

Lokutan da zan ce kada ma a fara: ƙarshen Afrilu zuwa 5 ga Mayu, hutun da suke kira Golden Week, duk ƙasar ce ke kan hanya. Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina. Agusta zafi mai gumi, ga hutun Obon a tsakiyarsa, ga guguwa har cikin Satumba.

Hajiya Mai Turare:
Jan ganye kuma? Yaro, mutum ya ƙetare duniya ya je kallon busasshen ganye? Kiyoto ma a Nuwamban ai cike take, ɗiyata ta turo min hoto, ba wurin sa ƙafa.

Injiniya Nagoya:
Wannan kam gaskiya ne Hajiya, Kiyoto ba ta da ranar hutu. Maganinta sammako. Wanda ya fito bayan asuba ya riga kowa.

Malam Na Tudun Wada:
Ina da tambaya, kuma ba don in ɓata wa kowa shiri ba. Duk hotunan Kiyoto da nake gani wuraren bautar gumaka ne. Jajayen ƙofofin nan da ake jerawa, da gidan zinaren nan da ke bakin ruwa. Ya dace musulmi ya kwashi iyalinsa, har da mahaifiya, ya kai su irin waɗannan wurare da sunan shaƙatawa?

Gwauron Jos:
Malam ya iso. A gyara zama.

Lauya Mai Shayi:
Allah gafarta Malam, ai Alƙur'ani da kansa ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Mutanenmu na zuwa Masar suna shiga dalar Fir'auna. Kallo daban, bauta daban.

Malam Na Tudun Wada:
Lauya, kufai daban, wurin da ake kan bauta a cikinsa yau daban. Ban ce haramun ba, ba ni da hurumin yanke wannan a waya. Na ce a yi tunani, kuma a tambayi malamin da aka yarda da shi.

Maman Yusra:
Maganar Malam tana da amfani ta wata fuska, don akwai abubuwan da baƙo ke kwaikwayo bai san ibada ba ce. Za ka ga ana rusunawa a bakin jar ƙofar, ana wanke hannu da baki a wani kwami, ana jefa tsaba a akwati a tafa hannu sau biyu, ana zaro wata 'yar takarda da ke faɗa wa mutum sa'arsa. Wannan na ƙarshen duba ne ƙarara, amma sai ka ga baƙi suna layi suna dariya. Ba mai tilasta maka ko ɗaya, ba kuma mai kallon ka don ba ka yi ba.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ba zai rasa abin gani ba. Kiyoto ta yi sama da shekara dubu tana babban birni, daga 794 har zuwa lokacin da sarki ya koma Tokiyo bayan 1868. Akwai fadar Nijo ta shugabannin soja, wadda aka gina a 1603, daɓen katakonta yana ƙara in an taka. Akwai dajin gora na Arashiyama, akwai unguwar masaƙa ta Nishijin. Fadar Himeji, farar nan mai hawa-hawa, tana kan hanyar Hiroshima, sai dai matakalarta a miƙe take, ba ta Hajiya ba ce, daga fili za ta kalla.

Baban Ilham:
Na gode Malam, na gode Anti. Zan tambaya. Ni kaina fadoji da kasuwanni sun fi jan hankalina. Yanzu abinci, don shi ne ke hana uwargida barci.

Injiniya Nagoya:
Tana da gaskiya, nan ne aikin yake. Matsalar ba naman alade da za ka gani a faranti ba ce, ɓoyayyen ne. Taliyar nan ramen da kowa ke yabo, romonta sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi, ko da ka ce a sa maka kaza a kai. Sannan suna girki da giyar shinkafa iri biyu, sake da mirin, a miya, a gasasshen kifi, wani lokaci har a shinkafar sushi. Burodi da kayan zaƙi kuma ana samun kitsen alade ko jelatin a ciki. Ka riƙe alamomi biyu a wayarka: 豚 alade ke nan, 酒 giya. Manhajar fassara ta Google tana karanta bayan leda da kyamara, tana taimakawa sosai.

Amma an samu sauƙi. Tun da aka sassauta wa 'yan Maleshiya biza a 2013, baƙi musulmi daga can da Indonesiya suka yawaita, gidajen abincin halal suka ƙaru. A unguwannin Asakusa da Shinjuku na Tokiyo, da Kiyoto da Osaka za ka samu ramen na halal, da gasasshen naman sa na wagyu mai takardar shaida. Gidajen abincin 'yan Indiya da Pakistan da Turkiyya kuma ko'ina akwai, sai dai a tambaya, ba duka ne halal ba. A unguwar Shin-Okubo ta Tokiyo akwai wani lungu da kantunan musulmi suka cika, nama, shinkafa, kayan ƙamshi, duk akwai.

Shawarata ku kama masauki mai ɗan kicin, irin gidajen da ake haya wa iyali. Ɗakunan otal a nan ƙanana ne ƙwarai, wani ma buɗe akwati biyu sai dabara, kuma sau da yawa da kan mutum ake lissafin kuɗi. Dattijuwa ba za ta yi kwana goma tana cin ɗanyen kifi ba. A dafa mata shinkafa da miya da daddare, da rana a ci abin da aka samu.

Gwauron Jos:
Ni mafita ɗaya na gani. Kilishi rabin akwati, dambun nama rabin akwati. An gama.

Injiniya Nagoya:
Don Allah kada wanda ya ɗauki wannan da wasa. Haramun ne shiga Japan da nama kowane iri ba tare da takardar hukuma ba, ɗanye, dafaffe, busasshe, duk ɗaya. Karnuka ne ke shinshina kaya a wurin ɗaukar akwati. Hukuncinsa yana kai ɗaurin shekara uku ko tarar yen miliyan uku. Kilishi da dambu su tsaya a gida. Magani ma a kula: na Hajiya a taho da shi a kwalinsa da takardar likita, kada ya wuce na wata ɗaya, kuma duk mai kodin a ciki a bincika ƙa'idarsa tun daga gida.

Malam Na Tudun Wada:
Salla fa? Ita ce ba a amsa ba.

Injiniya Nagoya:
Filayen jirgin Narita da Haneda da Kansai duk suna da ɗakin salla, tashar jirgin ƙasa ta Tokiyo ma akwai, haka wasu manyan kantuna. Babban masallaci shi ne Tokyo Camii, kusa da tashar Yoyogi-Uehara, ginin Turkawa, an fara gina shi a 1938 aka sake shi a 2000, akwai kantin halal a jikinsa. Wanda ya fi tsufa a ƙasar yana Kobe, tun 1935, ya tsallake ruwan bama-baman 1945 da girgizar ƙasar 1995. Daga Osaka rabin awa ne. Ba a kiran salla a lasifika a waje, sai ka dogara da waya. A gaya wa Hajiya tun yanzu cewa alƙibla a nan yamma take, ta ɗan karkata arewa, kada ta ga an juya ta ta ce an ɓatar da ita.

Buta ba dole ba ce, yawancin banɗakunansu suna da maɓallin feso ruwa. Alwala ce sai an yi hattara, ba sa son a jiƙa musu ƙasa ko a ɗora ƙafa a wurin wanke hannu. Ku yi ta daga masauki, a sa safa a kan tsarki ga wanda ya ɗauki wannan fatawar.

Maman Yusra:
Hijabi kuma ba mai tanka muku. Yara kan ƙura ido, musamman a ƙananan garuruwa, shi ke nan. Abin da ba sa so shi ne hayaniya: ba a amsa waya a jirgi, ba a ɗaga murya. Mu da in mun haɗu uku kamar ana rabon gado, sai an riƙa tuna wa juna. Ba a ba ma'aikaci tukwici, zai biyo ka da kuɗinka. Kwandon shara ya yi ƙaranci a titi, ka riƙe ledarka har gida. Fasfo kuma doka ce ya kasance a jikinka kullum, ɗan sanda na iya tambaya. In an ce muku ku gwada wankan ruwan zafi na onsen, ku sani tsirara ake shiga, maza daban mata daban. Akwai wanda iyali ke kamawa su kaɗai, shi za ku nema.

Ɗan Kwari:
Tunda an hana Alhaji Sapporo, a ba shi wani abu a madadi. Ni an ba ni labarin Nippori a Tokiyo, layi guda na 'yan yadi zalla. Uwargida za ta so shi.

Injiniya Nagoya:
Nippori gaskiya ne. Kuma in za ku yarda ku sauka a garinmu na 'yan awanni, Nagoya tana kan layin Tokiyo zuwa Kiyoto. Akwai gidan tarihin Toyota a tsohuwar masana'antarsu. Da yawa ba su san da injin saƙa gidan ya fara ba, Sakichi Toyoda masaƙa ya ƙera, ɗansa Kiichiro ne ya shiga mota. Ana kunna tsofaffin injinan a gabanka. A gefen gari kuma akwai Arimatsu, inda aka shekara ɗari huɗu ana ɗaurin zane ana rina shi da baba. Duk wanda ya san Ƙofar Mata zai tsaya ya daɗe a wurin. Akwatunan kuwa, ku ba kamfanin aike ya kai muku otal ɗin Kiyoto, washegari suna isa, a teburin otal ake cike takardar. Dama babban akwati, wanda tsawo da faɗi da kauri suka haura santimita 160 in an haɗa, sai an kama masa kujera ta musamman a shinkansen.

Baban Ilham:
Jama'a Allah Ya saka da alheri. Mun zauna da su jiya da daddare. Sapporo ta fita. Fuji ba za mu kwana ba, za mu je tafkin Kawaguchi da ke gindinsa daga Tokiyo mu dawo duk ranar da sama ta washe, tunda dama hawan dutsen sai Yuli zuwa farkon Satumba, kuma ba wanda zai hau mita 3,776 a cikinmu. Tokiyo kwana 5, Kiyoto kwana 5, mu tashi ta Kansai. Nagoya in jiki ya ba da dama.

Biyu ne ban bi ku ba. Afrilu tana nan, uwargida ta ce ita fure aka yi mata alkawari, Hajiya Mai Turare ta ci wannan. Hiroshima ma tana nan, don Hajiya ce da kanta ta ce tun tana yarinya take jin sunan garin a rediyo, tana so ta ga inda aka jefa bam ɗin.

Injiniya Nagoya:
To Hiroshima ku yi ta a yini ɗaya daga Kiyoto, zuwa bai kai awa biyu ba a Nozomi. Akwai tikitin yanki na kamfanin jirgin ƙasa JR West na kwana 5, Kansai zuwa Hiroshima, wajen yen 17,000, ya fi sayen zuwa da dawowa arha, sai dai shinkansen ɗinsa daga Shin-Osaka yake farawa, ba daga Kiyoto ba. Gidan tarihin harin bam ɗin da ke can yen 200 ne shiga. Ka shirya Hajiya, hotuna da kayan yaran da suka mutu safiyar 6 ga Agusta 1945 suna da nauyi, kada ku sa wani abu mai yawa bayansa. Kuma ka kama masaukin Kiyoto yau ɗin nan, irin wanda ake sokewa kyauta, na Afrilu ba ya jira a samu biza.

Baban Ilham:
An gama. Tambaya ta ƙarshe daga Hajiya, ta ce kilishi ta yafe, amma goronta fa?

Injiniya Nagoya:
Ɗanyen kayan itace sai da takardar lafiyar tsirrai daga ƙasar da aka fito, kuma a kai shi teburin bincike kafin a fita. In babu takardar, karɓewa za su yi. Yaji da kuka da kuɓewa busassu ma ku nuna su, kada ku ɓoye a cikin zannuwa.

Hajiya Mai Turare:
Ka ce mata ta ci rabonta a jirgi kafin a sauka. Kuma ka saya mata takalmi mai taushi tun yanzu ta fara sabawa da shi, kada ta je da sabo.